Makamashin teku da binciken jami'o'i a kansa

Makamashin teku shi ne wutar lantarkin da ake samowa daga ruwan teku, wato daga igiyar ruwa, da cikowa da janyewar teku, da bambancin zafi tsakanin ruwan sama da na ƙasa, sai kuma bambancin gishiri a inda kogi ke haɗuwa da teku. Ana sa shi cikin makamashi mai sabuntuwa tunda rana da wata ne ke motsa shi, ba ƙarewa yake ba. A jami'o'i ba sashe ɗaya ke riƙe da shi ba, domin injiniya shi kaɗai zai iya ƙera inji mai kyau amma teku ya lalata shi cikin 'yan watanni, dole sai da masanin teku da masanin ƙarafa da masanin halittun ruwa, har da masana tattalin arziki da na shari'a.

Tarihi

Abin ya daɗe fiye da yadda ake zato. A Nendrum da ke Ireland ta Arewa an tono ragowar wata maniƙa da ruwan cikowar teku ke juyawa, ana kyautata zaton tun wajajen shekarar 619 aka gina ta. A 1799 wani Bafaranshe mai suna Girard da ɗansa suka yi rajistar dabarar cin moriyar igiyar ruwa a birnin Paris. A 1881 kuma Jacques-Arsène d'Arsonval ya kawo shawarar amfani da bambancin zafin teku, ɗalibinsa Georges Claude ne ya gwada ta a Matanzas ta ƙasar Kyuba a 1930, injin ya ba da kilowat 22 ko kusa da haka, sai dai babban bututun da ke zuƙo ruwan sanyi daga ƙasa ya sha ba shi wahala sosai, kuma har yau wannan bututun na daga cikin abubuwan da suka fi cin kuɗi a wannan dabara.

A Japan, Yoshio Masuda wanda tsohon hafsan sojan ruwa ne ya ƙera fitilun da ke shawagi suna nuna wa jiragen ruwa hanya, igiyar ruwa ce ke matsa iska a cikinsu ta juya ƙaramar farfela, an fara sayar da su wajajen 1965. A 1966 Faransa ta buɗe tashar La Rance mai megawat 240, madatsa ce da aka gitta a bakin kogi don cin moriyar cikowa da janyewar teku, kuma tana aiki har yanzu.

Amma jami'o'i ba su shigo da ƙarfi ba sai da rikicin man fetur na 1973 ya tayar wa ƙasashen Turai hankali. A 1974 Stephen Salter na Jami'ar Edinburgh ya wallafa bayanin wata na'ura da aka riƙa ce wa agwagwa saboda yadda take sunkuyawa tana ɗagowa a kan ruwa, a gwajin cikin tanki tana kwashe kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin igiyar da ta doke ta, abin da ya ba mutane mamaki matuƙa. Tawagarsa ta kuma gina tankin gwaji mai iya kwaikwayon igiyoyi daga ɓangarori daban-daban, kuma gaskiya wannan gudummawa ta fi agwagwar kanta daɗewa tana amfani. A 1982 gwamnatin Birtaniya ta rage shirinta na binciken makamashin igiyar ruwa sosai. Masu goyon bayansa sun ce an kambama lissafin tsadarsa ne, hukumomi sun ce bai kai a zuba masa kuɗi ba. Tun a 1973 kuma Haruo Uehara ya fara aiki kan bambancin zafi a Jami'ar Saga ta Japan, aikin da daga baya ya zama cibiya guda.

Yadda hanyoyin ke aiki

Ruwan teku ya fi iska nauyi kusan sau 800, shi ya sa ƙaramar farfela a ƙarƙashin ruwa za ta iya ba da wutar da sai babba ce za ta bayar a iska. Cikowar teku kuma ana iya lissafa lokacinta shekaru da yawa gaba, tunda da tafiyar wata take tafiya, wannan babbar fa'ida ce ga masu rarraba wuta. Matsalarta wuraren da take da ƙarfi ba su da yawa, irin su mashigin Fundy a Kanada inda ruwa ke tashi har kusan mita 16.

Ita dabarar zafi tana buƙatar bambancin digiri 20 aƙalla tsakanin ruwan sama da na zurfin kusan mita 1,000, don haka a tekunan yankuna masu zafi kaɗai take yiwuwa. Ruwan ɗumi ne ke mayar da amoniya tururi ya juya injin, ruwan sanyi ya maido shi ruwa. Kashi 3 cikin 100 ko kusa da haka na zafin ne ke zama wuta, amma fa ba dare ba rana take aiki.

Ta gishiri ta tsaya a matakin gwaji. Kamfanin wutar lantarki na Statkraft ya buɗe ƙaramar tasha a Tofte ta Norwe a 2009, bayan 'yan shekaru ya daina.

Haɗuwar fannoni

A nan ne aikin jami'a ya fi fitowa fili. Gishiri na cin ƙarfe, ƙananan halittu na manne wa na'ura su ƙara mata nauyi, guguwar da ke zuwa sau ɗaya a shekaru masu yawa kuma ita ce dole a yi wa lissafi tun wajen zane, sai ka ga an ƙera abu mai kauri da tsada don kawai ya tsira a ranar da ba ma wuta zai bayar ba. Masana lissafi da kwamfuta suna kwaikwayon motsin ruwa, sannan a kai ƙaramin samfuri tanki, misali FloWave na Edinburgh da aka buɗe a 2014, zagayayye ne mai faɗin mita 25 da ke haɗa igiya da gudun ruwa lokaci guda. Daga nan sai teku na gaske, kamar cibiyar gwajin na'urori ta EMEC da aka kafa a tsibiran Orkney na Sukotland a 2003.

Da aka dasa injin SeaGen mai farfela a ƙarƙashin ruwa, mai megawat 1.2, a mashigin Strangford na Ireland ta Arewa a 2008, sai da masana halittu, ciki har da na Jami'ar Queen's ta Belfast da ta St Andrews, suka yi shekaru suna sa ido kan dabbobin ruwan wurin ko farfelar za ta buge su, a farkon aikin har tsayar da injin ake yi idan dabba ta matso. Wannan irin aikin bai cika samun suna ba alhali da shi ake samun lasisi. Su ma masunta da masu jiragen ruwa suna da haƙƙi a wurin, shi ya sa ake buƙatar masana zamantakewa da lauyoyi tun kafin a jefa komai a ruwa.

Halin da ake ciki

Tasha mafi girma ita ce ta cikowar teku da ke Sihwa a Koriya ta Kudu, megawat 254, tun 2011. Tashar MeyGen a arewacin Sukotland na da farfela 4 a ƙasan ruwa, jimilla megawat 6. Kamfanin Pelamis da ya kafa na'urorin igiyar ruwa 3 a gaɓar Fotugal a 2008 ya durƙushe a 2014. Tashar igiyar ruwa ta Mutriku a Sifaniya mai kilowat 296 tana ba da wuta tun 2011. A tsibirin Kume na Okinawa a Japan kuma akwai ƙaramar tashar gwajin bambancin zafi da ke aiki tun 2013 da hannun masu binciken Saga a ciki.