Don Allah ku daina shanya fen a rana

Tun da bazara ta kama, duk gidan da aka kira ni duba furanni kukan ɗaya ne: "Malam, fen ɗin nan ya ƙone." In na ce a nuna min inda yake, sai a kai ni tsakar gida, ga tukunya a kan siminti, rana na dukanta tun hantsi har la'asar. To me kuke so ya yi?

Fen shi ne tsiron nan mai dogayen ganye tsaga-tsaga da masu sayar da furanni ke jerawa a bakin titi a Abuja, Kaduna da Jos. Ba ya fure, ba ya 'ya'ya, ganyen ne kaɗai adonsa. Ko a daji galibi ba a fili yake fitowa ba, sai ƙarƙashin itatuwa, bakin rafi, ko tsakanin duwatsu masu laima. Wanda ya taɓa zuwa kudu ya gan shi maƙale a jikin bishiyar kwakwar manja, ganyenta na yi masa rumfa. Amma mutanenmu sun riƙe cewa duk abin da aka shuka sai da rana. Jama'a, fen ba gero ba ne. Hajiya ta ga ganye ya yi yaushi, sai ta ce wa yaro, "Fitar da shi ya sha rana." Wannan shan ranar shi ne ajalinsa.

Kwanan nan kuma ana ta nuna min hoton wani iri a waya, ledi-fen, wanda masana ke kira Athyrium filix-femina, ana tambayar inda za a samu. Kyau kam yana da shi. Sai dai ɗan ƙasashen sanyi ne: Turai, Arewacin Amurka da arewacin Asiya. Tsayinsa kan kai kusan mita 1, in sanyi ya shigo ganyensa ya bushe ya kwanta, sai lokacin ƙanƙara ya wuce ya sake tohowa. Can ma a inuwa ake shuka shi, cikin ƙasa mai danshi. Abin da ake kai wa inuwa a Ingila, shi za ka ajiye a filin Allah a Kano ko Sakkwato, cikin Afrilu, zafi na kai digiri 40? Haba Alhaji! Mutumin Jos, inda tudu ya kai kusan mita 1,200, ko na Mambila, yana iya gwadawa. Sauranmu mu haƙura da irin da ake kira Boston, wanda ya fi jure zafi. Shi ɗin ma a inuwa. Na sake faɗa, a inuwa.

Na san ba da mugunta kuke yi ba, so ne ya yi yawa. Wani ma in ya ga ganye na ƙonewa sai ya ƙara ruwa, ya barbaɗa takin yuriya, tukunya kuwa tana nan inda take. Ga ƙunar rana a sama, ga ƙunar taki a saiwa. Da ka ja ta zuwa baranda, da magana ta ƙare.

Ga abin yi a gurguje:

- Ajiye shi ta gabas, ya samu hasken safiya kaɗan. Bangon yamma kuwa, ko kusa.
- Ƙarƙashin mangwaro ko darbejiya ya yi, amma a tukunya, don saiwar bishiya za ta shanye masa ruwa.
- Haɗa ƙasa da ruɓaɓɓen ganye da ɗan yashi, tukunya ta kasance da huji a ƙasa.
- Tura yatsa cikin ƙasar kullum. In ta fara bushewa ba shi ruwa, amma kada ruwan ya kwanta.
- Da hunturu a kare shi daga iska, a riƙa yayyafa wa ganyen ruwa.

Ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa da ke jere a bayan ganye kuma ba cuta ba ce, ta nan yake hayayyafa. A daina fesa musu maganin ƙwari.

Wanda nasa ya riga ya ƙone, kada ya yi saurin zubarwa. Yanke busassun ganyen daga gindi, jiƙa ƙasar sosai, kai shi inuwa. In saiwar na da sauran rai, za ka ga sabon toho a naɗe yana ɗagowa daga tsakiya. Kuma in ya farfaɗo, ka gaya wa yaran gida da mai gadi, kada wanda ya sake fitar da shi.