Sabulun Wanki Mai Kare Launi

Sabulun wanki mai kare launi wani nau'in sabulu ne, na gari ko na ruwa, da ake haɗawa domin tufafi masu kala. Aikinsa biyu ne bayan fitar da dauɗa: rage saurin koɗewar yadi, da hana rinin da ya zuba daga wani tufa ya kama wani idan an haɗa su a ruwa ɗaya. Babban abin da ya raba shi da sabulun gama-gari shi ne abubuwan da aka cire daga cikinsa. Ba a sa masa bilic, kuma galibi ba a sa masa sinadarin ƙara haske. Abubuwan da aka ƙara masa ba su da yawa. Ya zama rukuni mai zaman kansa a kasuwannin Turai a wajajen farkon shekarun 1990.

Tarihi

Neman fari

Kusan duk ci gaban da masana'antar sabulun wanki ta samu a rabin farko na ƙarni na 20, farin kaya aka yi wa shi. Zanen gado, tawul da rigunan ciki na auduga da lilin su ne mafi yawan wankin gida a Turai da Amurka, kuma da haskensu ake auna tsaftar mai wanki. A 1907 kamfanin Henkel na Jamus ya fito da Persil, wanda sunansa ya samo asali daga sinadarai biyu da ke cikinsa, Perborat da Silikat a Jamusance. Na farkon yana sakin iskar oksijin idan ruwa ya yi zafi, ita kuma ta cinye tabon. Wannan ya rage wa mutane dirza da shanya kaya a rana don su yi fari, amma dole a tafasa wankin, ko a kai shi kusa da tafasa.

A 1913 Otto Röhm ya yi rajistar amfani da enzayim, wato sinadarin halitta mai narkar da dauɗa, daga jikin dabbobi wajen jiƙa wanki, aka sayar da shi da sunan Burnus. Ƙarancin mai da kitse a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tilasta wa Jamusawa neman abin wanki da ba daga kitse aka yi shi ba. Daga nan hanya ta buɗe har zuwa Fewa a 1932, wanda Heinrich Bertsch ya haɗa a Chemnitz domin yadi mai laushi, sai Dreft na kamfanin Procter & Gamble a 1933, sannan Tide a 1946. Ana iya cewa Fewa shi ne kakan sabulun kare launi na nesa, tunda ba shi da kaifi kuma ba ya cin yadi.

Sinadarin ƙara haske yana da nasa labarin. Kafin zuwansa bula ake sawa a ruwan ɗauraya, ɗan shuɗin da ke cikinta ya rufe jan da farin kaya ke yi idan sun tsufa. A 1929 Paul Krais ya nuna cewa wani sinadari daga ɓawon wata bishiya, idan aka jiƙa yadi da shi, yana karɓar hasken da ido ba ya gani, ya mayar da shi shuɗin haske, sai yadin ya zama kamar ya fi fari. Daga shekarun 1940 aka fara sa irin waɗannan sinadarai na masana'anta a garin sabulu, har suka zama ruwan dare. A ƙarshen shekarun 1970 aka ƙara wani sinadari mai suna TAED, wanda ke sa bilic ɗin oksijin ya yi aiki a ruwa mai ɗumi, digiri 40 zuwa 60 na ma'aunin Celsius. Farin kaya sun ci riba. Masu kala kuwa sun shiga uku, domin bilic ya fara aiki a daidai zafin da ake wanke su.

Rini

A ɗaya ɓangaren, launi ya yi ta arha. William Henry Perkin, yana ɗan shekara 18, ya gano rinin masana'anta na farko mai launin shunayya a 1856 a Landan. A wajajen 1884 Paul Böttiger ya haɗa wani jan rini da ke kama auduga kai tsaye ba tare da an sa mata abin riƙe rini ba. Irinsa ake kira rinin kai tsaye. Yana da sauƙin aiki kuma ba shi da tsada, sai dai kwanciya kawai yake yi a jikin zare, don haka ruwan wanki yana ɗaga shi. Mafi yawan kayan da ke zuba, irin wannan rini aka yi musu, ko kuma ba a wanke rarar rinin sosai ba a masana'anta.

Kamfanin BASF ya fara sayar da rinin baba na masana'anta a 1897, kuma a 1901 René Bohn ya samar da Indanthren, rini mai jure wanki da rana. A 1956 kamfanin ICI na Ingila ya fito da Procion, rinin da ke haɗewa da zaren auduga ya zama ɓangarensa. Wannan ba ya zuba sosai idan an yi shi yadda ya kamata, amma wasu launukansa ba sa jure kulorin.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kwandon wanki ya sauya kama. Yadin roba ya yawaita, tufafin yau da kullum suka koma masu kala, injin wanki ya shiga gidaje. Sabulun da aka gina shi kan farar auduga da tafasasshen ruwa sai ya zama bai dace da yawancin abin da ake zuba masa ba.

Fitowar rukunin

Abu na farko da ake buƙata ya daɗe yana nan. Walter Reppe na BASF ya yi rajistar wani sinadari mai suna PVP a 1939, kuma amfaninsa na farko a asibiti ne, inda aka ba wa waɗanda suka ji rauni a yaƙi shi a madadin ruwan jini. Masu rini sun san yana son kama rini, daga baya masu sabulu suka ɗauko shi. Abu na biyu enzayim ne mai suna selules. Kamfanin Kao na Japan ya sa shi a sabulunsa Attack a 1987, sannan Novo Nordisk na Denmark ya fito da wani irinsa mai gyara fuskar auduga a farkon shekarun 1990. A daidai wannan lokaci Persil Color da Ariel Color suka bayyana a Turai.

A 1994 kamfanin Unilever, mai sayar da Persil a Birtaniya, ya fito da Persil Power a can, mai ɗauke da sinadarin manganis don ƙarfafa bilic. Aka yi ta ƙorafin yana cin launi da yadi, Unilever da Procter & Gamble suka yi cacar baka, aka janye shi cikin kusan shekara guda.

Yadda yake aiki

Koɗewa ba abu ɗaya ba ce, shi ya sa maganinta ma ya rabu. Akwai rinin da ke fita daga zare ya shiga ruwa. Akwai wanda bilic ko kulorin ko rana suka lalata yana nan a wurinsa. Akwai kuma yadin da rininsa lafiya lau, amma fuskarsa ta yi gashi-gashi saboda gugar wanki da sawa.

Ga na farko, PVP da 'yan'uwansa dogayen ƙwayoyi ne masu narkewa a ruwa. Idan rini ya saki jikin tufa, sai su kama shi su riƙe shi cikin ruwan har a zubar, maimakon ya je ya kwanta a kan wani tufa mai haske. Sun fi tasiri a kan rinin kai tsaye. Ba sa hana tufa zuba. Maƙwabcinsa suke karewa. Kuma ƙarfinsu yana da iyaka: sabon jan tawul mai zuba sosai zai iya rinjayarsu.

Ga na biyu, cire bilic shi ne rabin aikin. Wasu kamfanoni suna ƙara abin da ke kashe ɗan kulorin da ke cikin ruwan famfo, da abin da ke kame ɓurɓushin tagulla da ƙarfe, domin waɗannan suna juya launin wasu rinukan. Rashin sinadarin ƙara haske ya fi muhimmanci ga launuka masu sanyi, kamar ruwan madara da ruwan ƙasa mai haske, waɗanda shuɗin hasken ke sauya musu kama a hankali.

Na ukun shi ya fi ba mutane mamaki. Baƙar rigar auduga da ta koma toka-toka, sau da yawa ƙananan silin zare ne suka miƙe a fuskarta suna watsa haske. Selules yana yanke waɗannan silin, fuskar ta koma sumul, launin ya fito. A nan tallan “sabunta launi” ya samu madogara, ko da yake babu wani rini da aka mayar. A kan auduga da danginta kawai yake aiki, ba ruwansa da foliyesta, kuma idan ya yi yawa yana rage ƙarfin yadi.

Sabulun ruwa yawanci bai kai na gari kaifi ba a ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami da kaifin sinadari, kuma ba ya barin farin tabo a kan baƙaƙen kaya, abin da gari mai ɗauke da ziyolait, wani sinadari da ba ya narkewa a ruwa, kan yi idan ba a ɗauraye da kyau ba.

Amfani a gida

Ana bin awon da ke jikin kwali, gwargwadon yawan kaya da dauɗarsu da irin ruwan. Digiri 30 zuwa 40 ya isa yawancin kaya masu kala. Juya tufa ciki ya koma waje yana rage guga, shanya a inuwa kuma tana rage aikin rana. Sabon tufa mai duhun launi ana wanke shi shi kaɗai a karon farko. Alamar kusurwa uku a takardar jikin tufa ita ke bayani kan bilic: idan an soke ta, ba a sa kowane iri, idan tana da layi biyu a karkace, na oksijin kawai aka yarda. Ulu da siliki suna da nasu sabulun, domin enzayim mai cin furotin yana iya lalata su.

Iyakarsa

Tunda babu bilic, ba ya fitar da tabon shayi, kofi ko 'ya'yan itace kamar sabulun gama-gari, kuma fararen kaya suna dushewa idan da shi kaɗai ake wanke su. Injin da kullum ruwan sanyi da sabulu marar bilic yake gani yakan fara wari, don haka masu ƙera injina ke ba da shawarar a riƙa yin wanki mai zafin digiri 60 lokaci-lokaci.

Ana saɓani kan ko sabulun baƙaƙen kaya na musamman ya fi na kala gama-gari wani abu. Batun cewa gishiri ko ruwan tsami na bininga suna kama rinin tufa da aka riga aka rina ya yaɗu, amma masana rini ba su yarda da shi ba.

Gwaji

Jerin ƙa'idojin ƙasa da ƙasa masu suna ISO 105 ne ake auna juriyar rini da su. Ana wanke yankin yadi manne da farin ƙyalle, sannan a gwada sauyin launi da kamun rini da ma'aunin launin toka mai mataki 1 zuwa 5, inda 5 ke nufin babu sauyi. Juriyar haske tana da ma'auni daban na shuɗin ulu, daga 1 zuwa 8.