Hanyar Gaɓar Tekun Norfolk

Hanyar Gaɓar Tekun Norfolk doguwar hanyar ƙafa ce da ke bin bakin Tekun Arewa a gundumar Norfolk, gabashin Ingila. Tsawonta ya kai kimanin kilomita 135, daga garin Hunstanton zuwa Hopton-on-Sea, kudu da Great Yarmouth. An buɗe ta a 1986 haɗe da Peddars Way, tsohuwar hanyar zamanin Rumawa da ta ratso daga cikin ƙasa ta iske teku a Holme-next-the-Sea. Da farko a Cromer ta tsaya, aka ƙara ta zuwa Sea Palling a 2014, sannan zuwa Hopton a 2016. Tana cikin manyan hanyoyin ƙafa da hukuma ke kula da su, waɗanda ake ganewa da hoton ƙwallon itacen oak a jikin turakun da aka kakkafa. Mai matsakaicin sauri kan gama ta cikin mako guda, amma yawancin masu zuwa yanki ɗaya suke ɗauka, su yini a kai, da yamma su hau bas su koma masauki.

Yanayin ƙasa

Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce. Tudun da ake yawan ambata a kan hanyar, Beeston Bump kusa da Sheringham, mita 63 ne kawai. Sai dai rashin hawa bai sa tafiyar ta zama sha yanzu magani yanzu ba, domin abin da ƙafa ke takawa yana ta sauyawa: rairayi mai tauri inda ruwa ya janye, jigawa mai nutsar da ƙafa, jingar ƙasa da aka ɗaga don tare teku, katako da aka shimfiɗa bisa taɓo, sai tsakuwa. Tsakuwar nan ita ce abin kukan matafiya. Tsakanin Cley da Weybourne akwai wajen kilomita shida na zallar duwatsu mulmulallu, kowane taku sai ƙafa ta zame baya kaɗan, mutum ya isa da ciwon sha-raɓa kamar wanda ya hau dutse.

Daga Holme zuwa Cley kuwa fadamar gishiri ce ta mamaye. Wannan fadama ba irin wadda ake noman rani a cikinta ba ce. Laka ce da teku ke shiga ta fita sau biyu a kwana, ta wasu ƙoramu masu lanƙwasa da ke cika su tumbatsa, bayan 'yan sa'o'i kuma su koma kwari mai santsi, ƙananan jirage na kishingiɗe a gindinsu. Yadda ta samu shi ne, igiyar ruwa na tura yashi da tsakuwa tana jera su a gefen gaɓa har su zama shinge, kamar tsibirin Scolt Head da kuma Blakeney Point, wani dogon harshen tsakuwa mai tsawon fiye da kilomita shida. A bayan shingen ruwa kan lafa, laka ta kwanta, tsirrai masu jure gishiri su kama. Ɗaya daga cikinsu, samfaya, ɗan tsiro ne mai gaɓa-gaɓa, kore shar, mutanen yankin na tsinkarsa da bazara su dafa da man shanu, ana kuma ganinsa ɗaure-ɗaure a ƙofar gidaje don sayarwa. Ita ma jigawa wata ciyawa ce mai dogayen saiwoyi ke riƙe da ita, shi ya sa ake hana mutane ratsa ta barkatai: inda sawu ya kashe ciyawar, iska ta sami ƙofa.

Wannan tarin laka ne ya nisanta wasu garuruwa da tekun da ya azurta su. Cley da Blakeney tashoshin jiragen fatauci ne a da. Yau mai tsayawa a gindin injin niƙa mai aiki da iska na Cley ba ya ganin komai a gabansa sai fadama da dogayen ciyayi masu kama da kara, waɗanda ake yanka da hunturu a baibaye rufin gidaje. A Wells-next-the-Sea sai an bi jinga mai tsawon fiye da kilomita ɗaya da rabi kafin a je bakin ruwa, duk da sunan garin na nufin maƙwabcin teku.

Cikar teku

Wanda zai bi hanyar nan, jadawalin cikar teku ya fi masa taswira amfani. Ruwa kan fi hauhawa a kwanakin tsayuwar wata da tsakiyarsa, kuma a irin waɗannan ranaku yakan rufe wasu sassan hanyar da ke gefen fadama, har da titin mota da ke zuwa bakin ruwan Brancaster. Haɗarin da ya fi yawa shi ne na faffaɗan rairayi. Idan teku ta janye takan bar fili iya ganin ido, baƙo ya yi ta kutsawa yana kallon ruwan da ke can gabansa, alhali ƙoramun da ke bayansa ne ke fara cika. Kafin ya ankara ya zama yana kan tsibiri. Jiragen ceto na Wells da Hunstanton sun saba fita ɗauko irin waɗannan mutane.

Wani lokaci kuma tekun kan haura jinga gaba ɗaya. A daren 31 ga Janairu 1953 guguwa ta haɗu da babbar cika, ambaliya ta halaka mutum 307 a gabashin Ingila. A ranar 5 ga Disamba 2013 an sake yin makamanciyarta, ta fasa jinga a wurare da dama, aka rufe sassan hanyar har sai da aka gyara.

Tsuntsaye da dabbobi

Da yawa daga masu bin hanyar saboda tsuntsaye suke zuwa, madubin hangen nesa rataye a wuya. Fadamar Cley, wadda likita Sydney Long da abokansa suka saya a 1926 don a bar wa tsuntsaye, tana cikin tsofaffin wuraren da aka keɓe domin haka a Birtaniya. Da hunturu dubban dinyoyin daji masu jan ƙafa kan sauko daga Iceland da Greenland, su kwana a kan laka, da asuba su tashi jere-jere da hayaniya zuwa gonakin da aka girbe. Da bazara wasu fararen tsuntsayen teku masu baƙar hula kan yi ƙwai a ƙasa a Scolt Head da Blakeney, in sanyi ya gabato su nufi gaɓar Afirka ta Yamma. Don su ake kewaye wasu wurare da igiya, ake kuma buƙatar masu karnuka su riƙe su a ɗaure.

Blakeney Point, wanda ke hannun National Trust, ƙungiyar da ke adana wuraren tarihi da na halitta, tun 1912, nan ne mafi girman matattarar sil mai ruwan toka a Ingila. Sil dabbar teku ce mai shayarwa, tana fitowa kan rairayi ta haihu. Tsakanin Nuwamba da Janairu ana haifar 'ya'ya dubbai a nan, farare sol. Daga Morston ake shiga jirgi a je kallonsu. A Horsey kuma, can gabas, daga kan jigawa ake hango su.

Abin da teku ke tonowa

Daga Weybourne zuwa gabas fadama ta ƙare, gaɓa ta zama gangare na yumɓu da yashi mai saurin rugujewa. Ana ratsa Sheringham da Cromer, garin da ya yi suna da ƙaguwa, a wuce gidaje da majami'u da aka gina da dutsen ƙyastu. A nan zaizaya ce ke mulki, har hukuma kan matsar da hanyar cikin gona idan baki ya zube. Ƙauyen Happisburgh, mai hasumiyar fitila ja da fari da aka gina a 1790, ya yi asarar gidaje da titi sukutum.

Zaizayar da ke cin gidaje ita ce kuma ke fito da tarihi. A West Runton an gano ƙasusuwan wata ƙatuwar giwar zamanin da a 1990. A Holme, a 1998, rairayi ya yaye aka ga da'irar turakun oak 55 kewaye da kututturen da aka kafa saiwoyinsa a sama. Binciken zobban da ke cikin itacen, waɗanda ake ƙirga shekarunsa da su, ya nuna an sare shi a shekara ta 2049 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma yanzu yana gidan tarihi na King's Lynn. A Mayun 2013 ruwa ya kwashe yashi a Happisburgh ya bar wata tsohuwar laka a fili, a jikinta sawun manya da yara da suka taka wurin fiye da shekaru 800,000 da suka wuce, mafi tsufa da aka taɓa gani a wajen Afirka. Masu bincike suka yi ta ɗaukar hoto cikin ruwan sama a duk lokacin da teku ta janye. Cikin mako biyu ruwa ya shafe sawun.