Yaya ake gane maƙwaƙƙwafi a daji?

Duk tsuntsun da na gani manne da gindin bishiya maƙwaƙƙwafi ne?

A'a. Kafin ka duba launi, duba yadda ya riƙe itacen, domin nan ne asirinsa yake tonuwa. A miƙe yake mannewa, ƙirji na fuskantar ɓawo, ya tokare da jelarsa mai tauri kamar ƙafa ta uku. Yawancinsu yatsu biyu na kallon gaba, biyu na kallon baya. Da ɗan tsalle-tsalle yake hawa, in kuma zai sauko da baya yake jawo jiki, kai na sama. Ƙaramin tsuntsun da ka gani yana gangarowa kai a ƙasa ba shi ba ne.

To alhudahuda fa?

Mutane kan haɗa su, alhali ko dangi na kusa ba su ba ne. Alhudahuda na da tukku, bakinsa dogo ne siriri mai ɗan lanƙwasa, a ƙasa yake yawan kiwo yana caccakar turɓaya. Yakan yi sheƙa a kogon itace, amma tararwa yake yi, ba ya fafewa. Bakin maƙwaƙƙwafi miƙaƙƙe ne mai ƙarfi, da shi yake sassaƙa ramin kansa.

Wannan ƙwanƙwasa mai sauri, abinci yake nema?

Galibi a'a. Bugun da ke zuwa a jere, trrrr, shela ce: yana kiran mace ko gargaɗin abokan hamayya, shi ya sa yake zaɓen busasshen reshe mai amo. Saran neman abinci a hankali yake, ɗaya-ɗaya, ɓawo na zubowa, sannan ya zura dogon harshensa ya zaro tsutsa. In ya tashi, lura da shi: ya kaɗa fiffike ya yi sama, ya naɗe ya yi ƙasa.

Jan da ke kansa na nuna wane iri ne?

Shi kaɗai bai isa ba, kuma a ganina nan sababbin masu kallo suka fi ruɗewa. A nau'o'i da yawa namiji ne mai jan, macen ba ta da shi ko nata kaɗan ne. Haɗa da girman jiki, zanen baya da na fuska.

Ko'ina ake samunsa?

Nau'o'insa sun haura 200 a Afirka, Turai, Asiya da nahiyoyin Amurka, amma babu shi a Ostireliya da Madagaska.