Dattijon da aka wofintar: ina zai kai kuka a dokar Najeriya?

Tsarin mulkin 1999 ya ambaci tsofaffi a sashe na 16(2)(d), inda ya ce gwamnati ta tsara manufofinta yadda 'yan ƙasa za su samu kulawa da fansho idan tsufa ya zo. Sai dai sashen yana cikin Babi na Biyu, kuma sashe na 6(6)(c) ya hana kotu sauraron ƙarar da aka gina a kan babin nan kaɗai. Sashe na 42 kuwa, da ya haramta wariya, ya lissafa ƙabila da jinsi da addini da ra'ayin siyasa, amma bai sa shekaru ba. Shi ya sa lauyan da ya san aikinsa yake neman wata ƙofa.

Ƙofar da ta fi ƙarfi ita ce ta fansho. Sashe na 173, da takwaransa na 210 ga ma'aikatan jihohi, ya hana a riƙe wa tsohon ma'aikacin gwamnati haƙƙinsa ko a rage masa shi ba bisa doka ba. Ya ce a sake duba fansho duk shekara 5, ko lokacin da aka sake duba albashi, duk wanda ya fara zuwa, kuma ba a cire masa haraji. Ana kai irin wannan ƙara Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. A tanadi takardar ɗaukar aiki da ta ƙarin girma ta ƙarshe da ta ritaya, da bayanin asusun banki da ke nuna watannin da ba a biya ba. Abin da ke yawan kawo tsaiko ƙarami ne: suna ko ranar haihuwa a fayil sun saɓa da na NIN ko BVN. A gyara wannan tun kafin a ajiye aiki.

Idan 'ya'ya ne suka juya baya fa? Dokar VAPP ta 2015, wato dokar hana cin zarafin mutane, a sashe na 16, ta ce wanda ya yasar da wanda ke dogaro da shi ba tare da abin ci ba, zai iya shan ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko tarar da ba ta wuce naira 500,000 ba, ko duka biyun. Ita wannan dokar Abuja ta shafa, don haka a wata jiha sai a duba wadda majalisar jihar ta zartar, saboda hukuncin kan bambanta.

A ganinmu, kotun shari'ar Musulunci ta fi dacewa da yawancin iyaye a Arewa, domin ɗaure ɗa ba ya kawo hatsi gida. A mazhabar Malikiyya, ciyar da uwa da uba matalauta wajibi ne a kan ɗa ko 'ya mai hali, kuma alƙali na iya raba nauyin gwargwadon ƙarfin kowa. Wajibcin bai kai ga kakanni ba, abin da mutane da yawa ba su sani ba.

Dattijon da aka daka, aka kulle ko aka wulaƙanta ba sai ya je kotu da ƙafarsa ba. Ƙa'idojin tabbatar da haƙƙin ɗan'adam na 2009 sun yarda wani ya shigar da ƙara a madadinsa a babbar kotu, kuma babu wa'adin da ke kashe irin wannan ƙara. Marar kuɗin lauya zai iya kai koke ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa kyauta, tare da rahoton asibiti da sunayen shaidu.