Yadda sojojin jiki ke cinye ƙashin haƙori a ciwon dasashi: tambayoyi da amsoshi

Mutum zai yi asuwaki da asuba, ya cire shi daga baki ya ga kan asuwakin ya yi ja, ko ya gatsi gwaiba ya ga jini a gurbin haƙoransa, sai ya ce dasashinsa ne bai da ƙarfi, ya rage goge wurin don kada ya fama shi. Wannan jinin shi ne alamar farko ta wani faɗa da ke gudana tsakanin ƙwayoyin cuta da sojojin jiki. A rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022, ciwon dasashi mai tsanani ya kama kusan kashi 19 cikin ɗari na manya, wato mutane sama da biliyan 1.

Daga ina ciwon yake farawa?

Tsakanin haƙori da dasashi akwai wani ɗan kwari siriri wanda zurfinsa a lafiyayyen baki bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba. A bakin wannan kwarin ne wani datti mai yauƙi yake taruwa, kuma mafi yawansa bakteriya ne da suka manne da juna suka lulluɓe kansu. A shekarar 1965 wani likitan haƙori mai suna Harald Löe da abokan aikinsa a ƙasar Denmak sun sa wasu matasa masu lafiyar baki su daina goge haƙora gaba ɗaya. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashin kowannensu ya kumbura, da suka koma goge baki kuma kumburin ya sauka cikin kusan mako guda. Wannan shi ne matakin farko, kuma ana warkewa daga shi sarai domin ƙashi bai taɓu ba tukuna. Mataki na biyu shi ne mai haɗari, lokacin da zaruruwan da ke ɗaure saiwar haƙori da ƙashin muƙamuƙi suka fara tsinkewa, kwarin ya zurfafa ya zama rami, ƙashin kuma ya soma zaizayewa.

Su wane ne sojojin jikin da ake magana a kansu?

Fararen ƙwayoyin jini ne, kuma iri-iri ne. Masu fara isowa su ne nutrofil, waɗanda suka fi kowane iri yawa a cikin jini. Ko a lafiyayyen baki suna ratsa fatar dasashi kullum su fito cikin kwarin nan, su jeru tsakanin dattin da naman jiki suna haɗiye bakteriya. Bayansu akwai makrofaj, masu share gawawwakin nutrofil da aika saƙon neman ɗauki, sannan limfosait, masu iri biyu da ake kira T da B. A shekarar 1976 Roy Page da Hubert Schroeder sun bayyana yadda waɗannan rundunoni ke bin juna: a kwana 2 zuwa 4 na taruwar datti nutrofil ne suka cika wurin, kafin mako ya cika limfosait T sun shigo, bayan mako 2 zuwa 3 kuma ƙwayoyin da suka samo asali daga B, masu ƙera sinadaran kariya, su ne suka fi rinjaye.

Idan aikinsu kariya ne, ta yaya suke zama masu ɓarna?

Nan ne gundarin maganar. Makaman nutrofil an tsara su ne domin faɗa na ɗan lokaci, kamar idan ƙaya ta soki mutum: su zo, su kashe abin da ya shiga, su mutu, makrofaj su kwashe su, ciwo ya rufe. A baki kuwa abokin gaban ba ya ƙarewa, domin dattin yana manne ne a jikin haƙori, wurin da jini ba ya kaiwa, kuma ya fi ƙarfin a haɗiye shi. Nutrofil da suka kasa haɗiye shi sai su zubar da abin da ke cikinsu a wajen, ciki har da sinadarai masu ƙona ƙwayoyin halitta da kuma wani sinadari mai suna MMP-8 wanda aikinsa datse kolajin. Kolajin kuwa shi ne ainihin abin da aka saƙa dasashi da zaruruwan riƙe haƙori da shi. Manufar datsewar ita ce buɗe hanya domin ƙarin sojoji su wuce, amma idan aka shekara ana buɗe hanya ba a rufewa, garin neman gira sai a rasa ido.

Su ma makrofaj, maimakon su ba da umarnin janyewa, sai su ci gaba da fitar da sinadaran kira, irin su IL-1 da TNF, waɗanda ke buɗe ƙananan jijiyoyin jini su sa su yoyo. Wannan ne ya sa dasashi yake yin ja, ya kumbura, ya zubar da jini da an taɓa shi kaɗan. Mugunyar da wani lokaci take fitowa idan an danna dasashi mafi yawanta gawawwakin nutrofil ne.

Ta yaya abin yake kaiwa ga ƙashi?

Ƙashi abu ne mai rai, kullum akwai ƙwayoyin halitta masu gina shi da kuma masu rushe tsohonsa, waɗanda ake kira ostiyoklast. Masu rushewar ba sa tashi aiki sai sun sami izini daga wani sinadari mai suna RANKL, jiki kuma yana da wani mai suna OPG da ke tare wannan izinin domin a sami daidaito. A dasashin da ya daɗe da kumburi, limfosait T da B da suka taru suna fitar da RANKL mai yawa, har ya rinjayi mai tare shi, sai ostiyoklast su yi ta cin gefen ƙashin da ke riƙe da saiwar haƙori. Bakteriya a mafi yawan lokaci ba su ma isa ga ƙashin ba. Jiki ne yake janye ƙashinsa yana nisanta shi daga inda cutar take. Abin takaicin shi ne yawanci babu zafi, shi ya sa mutum yakan shekara da shekaru bai sani ba, sai ranar da ya ga haƙoransa sun yi tsawo, giɓi ya buɗe tsakaninsu, ko ɗaya ya fara girgiɗi.

Ke nan bakteriya ba su da laifi?

Suna da shi, domin su ne suke tayar da faɗan, wasunsu ma da faɗan suke rayuwa. Wata mai suna Porphyromonas gingivalis tana da sinadarai da ke ruɗa nutrofil, su rage musu iya kisa ba tare da sun rage kumburin ba. Binciken George Hajishengallis da abokansa na shekarar 2011 a kan ɓeraye ya nuna cewa 'yar kaɗan daga wannan ƙwaya ta isa ta sauya zaman sauran bakteriyar baki har ƙashi ya zaizaye, amma a ɓerayen da ba su da sauran bakteriya a baki ba ta iya yin ɓarnar ita kaɗai ba. Jini da rugujewar nama da kumburi ke haifarwa abinci ne a gare ta, ramin da ya zurfafa kuma mafaka ce marar iska irin wadda take so.

Me ya sa wani ba ya kula da bakinsa amma haƙoransa suna nan daram?

Domin jikin kowa da yadda yake mayar da martani. Löe ya bi diddigin wasu leburorin gonakin shayi 480 a Siri Lanka na tsawon shekara 15, mutanen da ba sa goge baki kuma ba sa ganin likitan haƙori. Sakamakon da ya fito a 1986 ya nuna cewa kusan kashi 8 cikin ɗari ciwonsu ya yi gudu sosai, kashi 81 ya tafi a hankali, kashi 11 kuwa bai wuce kumburin dasashi ba, alhali dukansu suna da dattin. Gado yana da hannu a ciki, amma akwai abubuwa biyu da suka fi damuna domin sun yaɗu a cikinmu. Ciwon suga da ba a sarrafa shi da kyau yana dagula aikin nutrofil, ya kuma sa makrofaj su wuce gona da iri wajen kira, har haɗarin ya ninka kusan sau 3. Taba sigari kuma tana raunana nutrofil, sannan tana rage zubar jinin dasashi, ta yadda mai shanta yakan rasa alamar gargaɗin nan ta farko alhali ƙashinsa yana tafiya.

Idan sojojin sun yi rauni, haƙori zai tsira?

A'a. Akwai wata lalura ta gado da ba kasafai ake samunta ba, wadda nutrofil ba sa iya fita daga jijiya su isa dasashi, kuma yaran da ke da ita sukan rasa haƙoransu tun suna ƙanana. Bincike ya nuna cewa rashin isowar nutrofil ɗin yana sa jiki ya yi ta fitar da sinadarin IL-17, wanda shi ma yake ingiza rushe ƙashi. Kusa da mu kuma akwai cutar noma, wadda ake kira zaizayar baki. Cuta ce daban, amma ita ma daga kumburin dasashi take farawa, a jikin ƙananan yaran da tamowa ko ƙyanda ta karya garkuwarsu, cikin 'yan kwanaki ta ci kumatu da leɓe. A Sakkwato akwai asibiti na musamman domin ita, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta. Yaro mai rama da dasashinsa ke jini da wari bai kamata ya kwana ba a kai shi asibiti ba.

To mene ne magani?

Hanyar da ta fi tabbas ta kwantar da sojojin ita ce a kawar da abin da ke kiransu. Wurin da ke jini shi ya fi buƙatar gogewa, a hankali, sau 2 a rana, da buroshi mai laushi ko asuwaki mai taushin kai, tare da tsabtace tsakanin haƙora. Dattin da ya daskare ya zama kamar dutse ba ya fita da gogewa, sai likitan haƙori ya kankare shi, bayan ya auna zurfin ramukan da wani siririn ƙarfe mai layukan milimita. A wasu lokuta likita yakan ƙara da doksisaikilin na miligiram 20, adadin da bai kai na kashe bakteriya ba amma yake dakushe sinadarai masu datse kolajin. Wannan ba maganin da mutum zai saya wa kansa a kemis ba ne. Ga mai ciwon suga, kankare dattin kan sauke ma'aunin HbA1c, wato gwajin da ke nuna matsakaicin sugan jini na 'yan watanni, da kusan maki 0.4 bayan wata 3 zuwa 4. Ƙashin da ya riga ya tafi galibi ba ya dawowa yadda yake, sai dai a tsayar da ɓarnar inda ta kai, kuma hakan yana buƙatar komawa wurin likita a kai a kai, sau da yawa duk bayan wata 3 zuwa 6, domin a sake auna ramukan.