Ma'anar "expire", kalmar da muke cewa isfaya

Shekaranjiya bayan isha'i ina zaune a Shara Mansur a Makka ina shan shayi sai ga saƙon ƙanina ɗan baffana, yana aiki a wani shagon kayan gini a Jidda, wai Yaya don Allah duba min wannan kafin in tura wa manajanmu. Manajan nasu ɗan Indiya ne, shi ma Larabcin nasa na kasuwa ne, to da Turanci suke lallaɓawa. Abin da ya rubuta shi ne "Sir my iqama is expire next month", yana nufin igamarsa, wato katin izinin zama, za ta mutu wata mai zuwa. Na yi dariya, kuma wallahi ba don raini ba, ni ma na daɗe ina faɗin haka kafin wani malami ya taka min burki. Shi ya sa na ce bari in zauna in warware kalmar nan gaba ɗaya, tunda mu da ke zaune a ƙasar nan ta Saudiyya kusan babu ranar da ba ma cin karo da ita, a igama tana nan, a fasfo tana nan, a jikin robar laban, wato nono, ma tana nan.

"Expire" aikatau ne, ana furta shi kamar ik-spaya, mu kuma muka gyara shi daidai bakinmu ya koma isfaya. Ma'anarsa wa'adin da aka ɗibar wa abu ya cika, daga nan ya daina aiki. Abin da za ka riƙe shi ne lokaci ne ke kashe abin, ba yawan amfani da shi ba. Fasfon da ka ajiye a ƙasan akwati ko sau ɗaya ba a buga masa hatimi ba, in shekarunsa 5 ko 10 suka cika ya tafi, daidai da na ɗan kasuwar da ke Kano Jidda duk wata. Larabawa za su ce maka "intahat", ko "muntahiya", kuma duk wanda askar, wato jami'in tsaro, ya taɓa tsayarwa a hanya ya san nauyin kalmar nan ba sai an fassara masa ba.

Asalin kalmar daga Latin ne, "ex" wato waje, da "spirare" wato numfasawa, ka ga ma'anar farko ita ce fitar da numfashi. Daga fitar da numfashi aka koma fitar numfashin ƙarshe, shi ya sa har yau a tsohon Turanci ko a wasu takardun asibiti za ka ga an rubuta "the patient expired", wato mara lafiyar ya cika. Abin da ya burge ni a nan shi ne mu ma haka muke yi ba tare da mun koya daga kowa ba, direba zai ce maka takardun motata sun mutu, ko lasisina ya mutu. Tunani ɗaya ne sak. Amma fa kada ka je gidan makoki ka ce wa mutum "sorry your father expired", babu daɗin ji ko kaɗan, kamar kana maganar gwangwanin madara. "Passed away" ake cewa in ana son ladabi, ko "died" kai tsaye.

To me ya sa "is expire" ta kama mana baki haka? Ni a ganina daga Hausa muka ɗauko. Mu muna cewa igama ta yi isfaya, mun mayar da kalmar kamar suna, kamar yadda za ka ce ta yi tsada ko ta yi datti, to da muka zo Turanci sai muka nemi abin da zai tsaya a gurbin "ta yi" muka cafko "is". Alhali a Turanci kalmar ita kanta aiki ce, ba ta buƙatar a tallafe ta da "is". In abin bai faru ba tukuna ka ce "my iqama will expire next month" ko "my iqama expires next month", duka biyun daidai ne, ta biyun ma ta fi yawa a bakin masu harshen don ranar a rubuce take an riga an yanke ta. In ya riga ya faru ka ce "my iqama has expired". In kuma za ka ambaci ranar sai ka jefar da "has" ɗin, "it expired last week", ba a cewa "has expired last week", wannan ma wani rami ne da mutane ke yawan faɗawa. Akwai "it is expired" da harafin d a ƙarshe, wannan ta halatta don a nan siffa ce, kamar a "expired passport" ko "expired medicine", Amurkawa na faɗinta sosai. Harafin d ɗin nan dai shi ne duk rigimar, kuma mu da ba mu saba rufe kalma da baƙi biyu ba sai mu haɗiye shi a magana, daga nan ya ɓace a rubutu.

Wani abu kuma, ba a yi wa abu "expire", shi ke yi da kansa. Ba za ka ce "my kafeel expired my visa" ba, kafeel ɗin shi ne kafili, wanda ya ɗauke ka aiki yake tsaya maka. In wani ne ya soke ta da hannunsa tun wa'adi bai cika ba to "cancel" ce, in hukuma ce ta janye ta ana iya cewa "revoke". Bambancin ba ƙarami ba ne in kana gaban jami'i kana bayani, don wanda bizarsa ta mutu da wanda aka soke wa biza ba layi ɗaya suke bi ba.

Sunan da ke fita daga kalmar iri biyu ne, 'yan Ingila na cewa "expiry date", Amurkawa na cewa "expiration date", duk ranar ƙarewa ce, ɗauki wadda ta fi maka sauƙi. A fasfonmu na Najeriya "date of expiry" za ka gani. Nan ne wata Hajiya maƙwabciyarmu ta taɓa ba ni dariya, ta sayo kwalin dabino a Madina za ta aika gida tsaraba, jikarta ta gaya mata "date" shi ne dabino, sai ta ga an rubuta "expiry date" a gefe ta zo tana tambayata, Malam wannan wane irin dabino ne kuma, ni Ajwa na ce a ba ni. Na ce Hajiya Ajwar ce, kalmar ce mai fuska biyu, dabino "date", kwanan wata ma "date".

Misalin da ya fi fito da ma'anar a fili a wajena shi ne data. Ka sa data ta wata ɗaya, ka zauna kana kallon bidiyo dare da rana, kwana goma ta ƙare tas. Wannan ba "expire" ba ce, "my data has run out" ke nan ko "I have used up my data". Amma in ka yi ta tattali kana kashe ta kana kunnawa, kwana 30 suka cika da sauran giga uku a ciki aka share, to wannan ita ce "my data has expired". A Hausa duka biyun "ta ƙare" muke cewa shi ya sa suke cakuɗe mana. Haka kuɗi ba ya "expire" a aljihu, sukari ba ya "expire" don an shanye shi.

A kayan abinci kuma isfaya daban lalacewa daban. Laban ɗin da ka manta a mota da azahar a zafin Makka zai yi tsami ko da saura kwana biyar a kwanan watan da ke jikinsa, wannan "it has gone bad" ne ko "it has gone off" ko "spoiled". In ka shiga bagala, wato kantin kayan masarufi, ka duba jikin kaya sau da yawa za ka ga P da E, P ranar da aka yi, E ranar ƙarewa, da Larabci intaj da intiha, wasu kuma su sa MFG da EXP. Sai "best before" da "use by". Ta farko tana nufin kafin ranar ne abin ya fi daɗi da inganci, bayanta biskit na iya yin laushi amma ba lallai ya cutar ba. "Use by" kuwa maganar lafiya ce, nama da kifi da madara, in ta wuce a zubar kawai. Magani ma in ka karɓo a saidaliyya ka ga EXP 08/2027 babu rana, yawanci har ƙarshen watan takwas ɗin ake nufi.

Kishiyar "expired" ita ce "valid", wato yana da rai, yana aiki. Shi ya sa ake ce wa mai zuwa Umra fasfonsa ya zama "valid for at least six months", saura aƙalla wata shida kafin ya mutu. "Renew" sabuntawa ce, "extend" ƙarin kwanaki a kan wa'adin da ke akwai. Sai inda mutanenmu suka fi shiga uku, bambancin "validity" da "duration of stay". Ɗauki bizar yawon buɗe ido da Saudiyya ta fara bayarwa a 2019, tana da rai shekara ɗaya, amma zaman da aka yarda ka yi kwana 90 ne. Mutum zai ga shekara ɗaya ya miƙe ƙafa, alhali kwanakin zamansa sun daɗe da cika, ya zama ya yi "overstay", wato ya zarce, mu dai mun san hanyar tarhil ta Shumaisi, inda ake tsare irin waɗannan kafin a mayar da su ƙasarsu. Ita kuma igama in aka yi jinkirin sabunta ta akwai tara, riyal 500 karon farko, 1000 karo na biyu, kuma a ƙa'ida kafili ne ke sabuntawa, shi ya sa ƙanin nawa ya tashi tunatar da manaja tun da wuri.

Ku dinga duba wace kalanda aka yi lissafi da ita ma, shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, in ka ƙirga da kanka a ka sai ka tarar abin ya mutu kana ganin da saura. Buɗe Absher, manhajar hukumar Saudiyya ta duba takardu, ka gani da idonka ya fi. Sannan in takarda daga Amurka ta fito wata suke fara rubutawa kafin rana, 03/04 a wajensu 4 ga Maris ne, a wajenmu 3 ga Afrilu.

Na dai gyara masa saƙon ya koma "Sir, my iqama expires next month, please help me renew it". Ya tura, can bayan kamar rabin awa ya turo min hoton amsar manajan, wai "ok no problem, my iqama also expire same month".